Yadda ake haɗa agogon alfarma a gida: fuska, hannaye da maɗauri duk aikin hannu

A shekarar 1932 kamfanin Patek Philippe na birnin Jeniba a ƙasar Siwizalan ya fitar da wani ɗan agogon hannu mai lamba 96, wanda shi da waɗanda suka biyo bayansa aka san su da sunan Calatrava. Faɗinsa kimanin milimita 31 ne kawai, fuskarsa fara ce ba tarkace, alamomin awa 'yan sanduna ne da aka ɗora a kai, hannun daƙiƙa kuma yana zagayensa a wata 'yar da'ira kusa da ƙarfe shida. A wannan shekarar ce 'yan'uwa biyu, Charles da Jean Stern, suka sayi kamfanin, kuma sana'ar gidansu tun asali ita ce ƙera fuskokin agogo. Na fara da wannan labari ne saboda yana nuna inda darajar irin wannan agogo take. Agogon da ake ɗaurawa da manyan kaya ba shi da kwalliyar da zai ɓuya a bayanta, saboda haka kyansa duka yana ga daidaiton fuska, da sirantakar hannaye, da yadda aka goge kowane gefe. Waɗannan kuwa su ne ɓangarorin da mai sha'awa zai iya yi da hannunsa a kan teburi, ba tare da masana'anta ba.

Ya kamata a san iyakar aikin tun daga farko. Ƙera injin agogo daga ɗanyen ƙarfe sana'a ce ta shekaru. George Daniels, Baturen Ingila da ya rasu a 2011, yana cikin 'yan tsirarun da suka iya yin kusan kowane ɓangare na agogo su kaɗai, kuma shi ma agogo guda yakan ci masa kusan shekara. Abin da za mu yi a nan shi ne mu sayi inji da gida (wato kwanon ƙarfen da inji yake zama a ciki) da gilashi, sannan mu yi fuska da kanmu, mu gyara hannaye mu ba su launi da wuta, mu ɗinka maɗauri, mu haɗa komai mu daidaita lokacinsa. Akwai kuma sharaɗi guda da ba na sassautawa a kai: kada a rubuta sunan wani kamfani ko a zana tambarinsa a fuskar. Koyi da fasali halal ne, haka sana'a take yaɗuwa tun fil azal, amma ɗora sunan wasu a kan aikinka jabu ne, kuma yana zubar da darajar wahalar da ka sha. Ka bar fuskar babu rubutu, ko ka sa sunanka ko na garinku.

Zaɓen inji da gida

Inji ake fara zaɓa, domin shi yake hukunta girman gida da wurin ramukan fuska da girman bakin hannaye. Ga mai farawa, shawarata ita ce ETA 6498, ko kwafinsa da kamfanin Seagull na birnin Tianjin a ƙasar Sin yake yi a jerin ST36, wanda ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Asalin wannan inji na agogon aljihu ne da kamfanin Unitas ya tsara a shekarun 1950. Faɗinsa milimita 36.6, kaurinsa 4.5, yana da duwatsu 17 masu rage gogayyar sandunansa, kuma da hannu ake yi masa wani. Girman nan shi ne alherinsa, saboda sukurorinsa da haƙoransa suna ganuwa, hannun da bai saba ba ma yana iya kama su. A lura da bambanci ɗaya kafin a biya kuɗi: 6497 yana sa hannun daƙiƙa a ƙarfe tara, 6498 kuma a ƙarfe shida. Mai son fasalin 1932 na biyun zai nema.

Aibinsa shi ne gidan da zai ɗauke shi yakan kai milimita 41 zuwa 44, wanda ya zarce girman agogon alfarma na gaskiya. Na yarda da wannan rashi a agogon farko, domin gara babban agogo mai tafiya da ƙaramin da aka lalata a rana ta biyu. Wanda ba ya son wani da hannu zai iya ɗaukar Miyota 9039 na Japan, mai kaurin milimita 3.9 wanda yake yi wa kansa wani da motsin hannu, sai dai hannun daƙiƙarsa a tsakiya yake.

Gida kuma a sayi wanda aka rubuta ƙarara cewa na wannan injin ne, na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai siraran kunnuwa, wato inda ake maƙala maɗauri, da bakin da aka goge. Yawancin agogunan alfarma na asali da zinariya ake yin gidansu, kuma ga namiji Musulmi wannan bai halatta ba, saboda haka farin ƙarfe ya raba gardama, ga shi kuma ya fi dacewa da farar fuska da shuɗɗan hannaye. Tare da gidan a sayi sandar mamurɗi guda uku, wato siririn ƙarfen da ke shiga cikin inji wanda ake ɗaura ƙullutun murzawa a kansa, da fuska ɗaya mai araha wadda aka yi don wannan inji. Ba sa ta za a yi ba, ma'auni za ta zama.

Kayan aiki da wurin aiki

Ana bukatar gilashin ƙara girma irin wanda masu gyaran agogo suke maƙalawa a ido, da hantsaki mai siririn baki wanda ba ya kama maganaɗisu, da 'yan sukundirebobi daga milimita 0.8 zuwa 1.6, da mazaunin da ake ɗora inji a kai, da abin danna hannaye, da 'yar robar hura iska, da safar yatsu ta roba, da ƙullin goge datti mai suna Rodico. Ma'aunin kauri mai baki biyu, na dijital, wajibi ne, domin duk aikin nan ana lissafa shi ne da kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ga aikin ƙarfe kuma sai zarton maƙera azurfa mai siririn haƙori, da ƙananan magagarai, da mahuji na hannu da bakunansa ƙanana, da samfefa daga lamba 400 har 2000. Kada a yi rowa a kan hantsaki da sukundireba, saboda marasa kyau suna zamewa, kuma zamewa ɗaya ta isa ta ja layi a kan fuskar da aka kwana uku ana yi.

Babban abokin gaba a ƙasarmu shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, ɗakin da aka share da safe yakan yi fari kafin la'asar, kuma ƙwayar ƙura ɗaya a ƙarƙashin gilashi tana fitowa ɓaro-ɓaro a kan farar fuska. A raba aikin gida biyu: yanka da guga a yi su a waje ko a wani ɗaki, haɗawa kuma a ɗakin da aka rufe tagoginsa, aka goge ƙasansa da jiƙaƙƙen tsumma, aka kashe fanka. Duk lokacin da za a tashi, ko da na minti biyu ne, a kife kofin gilashi a kan inji. A tanadi fitila mai caji, domin ɗaukewar wuta lokacin da hantsaki yake riƙe da hannun daƙiƙa ba ƙaramar asara take jawowa ba. Da bazara kuma gumi ne matsala, shi ya sa ba a taɓa fuska ko hannaye da yatsa tsirara.

Kafin a ci gaba, a yi wa injin wani cikakke, a rufe shi, a bar shi ya yi tafiyarsa. Inji mai lafiya irin wannan zai haura kwana ɗaya da rabi bai tsaya ba. Idan yana da matsala, yanzu ne lokacin mayar da shi, ba bayan an gina komai a kansa ba.

Fuska

Nan ne za a fi daɗewa, kuma nan ne ya cancanci a daɗe. A samo fallen tagulla mai kaurin milimita 0.4, shimfiɗaɗɗe marar lanƙwasa. Wanda yake da hali zai iya zuwa wurin maƙerin azurfa ya murje masa fallen azurfa zuwa wannan kaurin, amma ina ba da shawarar a koyi a kan tagulla, saboda da wuya fuskar farko ta zama ita ce za a sa.

A auna faɗin fuskar nan mai araha, a kuma gwada ta a cikin gidan a tabbatar ta zauna daram. Sannan a zana tsarin a takarda ko a kwamfuta daidai da girman: da'irar waje, ramin tsakiya, ramin daƙiƙa, alamomin awa goma sha biyu kowace digiri 30 tsakaninta da 'yar'uwarta, da ɗigon minti sittin kowane digiri 6. Alamar ƙarfe shida takan gajarta ko ta fita gaba ɗaya saboda da'irar daƙiƙa. A buga zanen, a auna shi da ma'auni don a tabbatar na'urar bugawa ba ta ƙara ko ta rage ba, sannan a manna shi a kan tagullar da gam mai sauƙin cirewa.

Ramuka ake fara hudawa kafin a yanke da'ira, domin falle mai faɗi ya fi sauƙin riƙewa. A ɗora fuskar ma'auni a kai, a sa tsinin allura a yi alamar tsakiyar ramuka biyun, a huda da ƙaramin baki tukuna, sannan a faɗaɗa a hankali har su kai girman na ma'aunin. Tazarar da ke tsakanin ramukan nan biyu ita ce ma'auni mafi muhimmanci a duk fuskar, saboda idan ta kauce da kaɗan, sandar daƙiƙa za ta goga a bakin rami agogon ya tsaya. Bayan haka a yanke da'irar da zarto, a bar ɗan rara a wajen layi, a cinye rarar da magagari ana juya fallen a hannu har ya shiga gidan ba tare da tilas ba.

Sai ƙafafu, wato 'yan gajerun wayoyi biyu a bayan fuska da suke shiga ramukan inji su hana ta juyawa. A ɗauki wurinsu da kaurinsu daga fuskar ma'auni, a yanko su daga wayar jan ƙarfe, a yi musu soda da 'yar wuta kaɗan. Wuta mai yawa tana murɗe fallen, kuma fuskar da ta murɗe ba ta komawa daidai. Akwai ƙafafu na sayarwa masu faffaɗan gindi da ake mannawa da gam mai ƙarfi, kuma suna aiki. Abin da ba na so shi ne 'yan ɗigon gam masu fuska biyu da wasu suke manna fuska da su kai tsaye a kan inji, domin a zafin Afrilu suna saki, sai a wayi gari sha biyu ta karkata.

Yanzu, takardar tana nan a manne, a yi ɗigon minti. A sa bakin mahuji na milimita 0.5, a juya shi da yatsu sau ɗaya ko biyu a kan kowane ɗigo, ya yi ɗan gurbi ba tare da ya huda ba. Yawan juyin ya zama ɗaya a dukkan ɗigon, in ba haka ba wasu za su fi wasu girma, kuma ido yana kama wannan tun daga nesa. A kuma yi 'yar alama a wurin da kowace sandar awa za ta zauna, a inda sandar za ta rufe ta. Da'irar daƙiƙa a agogunan asali a kan injin juyi, wato na'urar da ke juya ƙarfe ana fere shi, ake rarake ta, amma wanda ba shi da shi zai iya jan siririn zobe da kamfas mai tsini biyu, ya kafa ƙafa ɗaya a ramin daƙiƙa, kuma hakan ya wadatar.

A cire takarda, a shimfiɗa samfefa a kan gilashi mai kauri, a jiƙa ta, a goga fuskar. Daga 400 a hau 600, 800, 1200, ba a tsallake lamba, kuma ba a hawa ta gaba sai duk layukan ta baya sun ɓace. A gugar ƙarshe ake zaɓar kamanni: idan an ja fuskar daga sama zuwa ƙasa a miƙe, ana bin gefen katako don hannu kada ya kauce, za a sami siraran layuka a tsaye masu kama haske a natse, kuma wannan shi ya fi sauƙi ga mai farawa.

Farin launin kuma da garin azurfa ake samunsa, irin wanda masu gyaran tsofaffin agogunan bango suke amfani da shi, ana sayar da shi a haɗe tare da garin gamawa. A wanke fuskar da sabulu da ruwa har ruwa ya kwanta a kanta bai ɗaya bai taru ɗigo-ɗigo ba, wanda shi ne alamar babu sauran maiƙo. A sa safar hannu, a ɗebi garin da jiƙaƙƙen auduga, a goga. Da farko za ta yi duhu-duhu, kada a tsorata, a ci gaba har ta koma toka-toka ko'ina. Sai a goga garin gamawa, wanda shi yake fito da farin, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a busar da iska. Daga nan a koma kan ɗigon minti da bakin mahujin nan, rabin juyi a kowane, sai launin tagulla ya fito yana ƙyalli a cikin fari. Azurfa tana baƙi idan ta sha iska, don haka a fesa mata siririn fenti marar launi sau ɗaya, daga nesa, a rufe ta da kwano har ta bushe. Fuskata ta farko a nan ta lalace, saboda na fesa a tsakar gida da yamma, ƙura ta zauna a cikin fentin, dole na koma samfefa lamba 600 na sake komai, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Sandunan awa a yanko su daga siririyar wayar ƙarfe ko tagulla mai kusurwa huɗu, tsawon kimanin milimita 5, a jera su gefe da gefe a goge bakunansu tare don tsawonsu ya zo ɗaya. A goge saman kowace har ta zama madubi. A sa gam mai haɗi biyu da tsinin allura, abin da bai kai ƙwayar gero ba, a ɗora sandar da hantsaki, a daidaita ta da zaren da aka ja daga tsakiya zuwa ɗigon awa. A fara da sha biyu da uku da tara, sauran sai su bi. A sa sanduna biyu a jere a sha biyu don ido ya san sama.

Hannaye

Yanke hannaye daga fallen ƙarfe abu ne mai yiwuwa, amma bututun da ke kama sandar inji yana bukatar daidaiton da ya fi ƙarfin agogon farko. Hanya mafi hikima ita ce a sayi hannaye na wannan injin waɗanda aka yi da ƙarfe zalla ba a shafa musu komai ba, a gyara su da hannu. Wanda aka yi da tagulla ko aka lulluɓe da wani ƙarfe ba zai karɓi launin wuta ba. A duba tsawo: bakin hannun minti ya kai ɗigon minti daidai, na awa kuma ya tsaya gab da farkon sandunan awa. Idan sun zarce, a rage da magagari a sake fiƙe bakin. Sannan a goge su a kan samfefa 2000, a bi da man guga a kan ɗan katako mai laushi har su yi madubi, a wanke da sifirit, daga nan kuma hantsaki kawai zai taɓa su.

Shuɗin da ake gani a hannayen manyan agoguna wuta ce take kawo shi. A cika ɗan faranti da garin tagullar da ya zuba lokacin guga, a kwantar da hannu ɗaya a kai, a riƙe farantin a saman 'yar wuta marar hayaƙi. Garin yana raba zafin ne don kada baki ya riga gindi. Ƙarfen zai fara yin launin busasshiyar ciyawa, ya koma ruwan ƙasa, ya shiga shunayya, sannan a wajen digiri 290 na ma'aunin Salshiyas ya zama shuɗi mai zurfi kamar na baban rini. Tsakanin shunayya da shuɗi 'yan daƙiƙu ne, saboda haka a ɗauke shi tun yana shunayya mai duhu, zafin da ya rage zai ƙarasa. Idan ya wuce ya koma fari-fari, ko ya yi dabbare-dabbare saboda maiƙo, a sake gogewa a maimaita. Wahalar ita ce a sami hannaye ukun da launi iri ɗaya, kuma a hasken rana ake gwada su, a kan farar takarda.

Haɗawa

A ɗora inji a mazauninsa, gefen fuska yana sama. A tabbatar haƙorin awa yana wurinsa da 'yar siririyar washar da ke kansa, wadda take hana shi tashi. A sassauta maƙallan ƙafafu, a saukar da fuska, a duba sandunan biyu suna tsakiyar ramukansu, a ɗaure. A yanki 'yar leda mai tsaga a rufe fuskar da ita yayin sa hannaye. Hannun awa ake fara dannawa, yana kallon sha biyu, a miƙe ba tare da ya taɓa fuska ba. A juya shi zagaye ɗaya a dawo da shi sha biyu daidai, sannan a ɗora na minti shi ma a sha biyu. A juya zuwa ƙarfe shida da ƙarfe tara a gani ko har yanzu sun yi daidai. Hannun daƙiƙa shi ne na ƙarshe kuma shi ya fi haɗari, domin sandarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na milimita ba, dannawa kaɗan ta ishe shi. Bayan haka a kalli agogon daga gefe da gilashin ido, a juya awa goma sha biyu cif, a tabbatar hannun awa yana wuce saman na daƙiƙa, na minti kuma yana wuce saman sandunan awa.

Don cire sandar mamurɗi, akwai ɗan sukuru kusa da inda take shiga a bayan injin. A sassauta shi kamar juyi ɗaya da rabi kawai, a ja sandar. Idan aka kwance shi gaba ɗaya, abin da yake riƙewa zai faɗi a ƙarƙashin fuska, sai an cire hannaye da fuska kafin a mayar da shi. A hure cikin gidan, a goge gilashin ta ciki, a kife gidan a kan injin, a juya, a sa zoben riƙewa da maƙallansa.

Yanke sandar mamurɗi yana bukatar natsuwa. A ɗaura ƙullutun a kan sandar har ƙarshe, a tura ta cikin inji, a auna tazarar da ta rage tsakanin ƙullutun da jikin gida. A fitar, a cire ƙullutun, a yanke ƙasa da abin da aka auna da kamar milimita 0.3, a gyara bakin da magagari don zaren sukurun ya kama, a sake gwadawa. A riƙa ragewa da magagari kaɗan-kaɗan har ƙullutun ya zauna kusa da gida ba tare da ya matse ba. Sanda mai tsawo ana iya rage ta, gajeriya kuwa sai jefarwa, dalilin sayen uku ke nan. Idan ta yi daidai, a ɗiga gam ɗin riƙe sukuru kaɗan a ɗaure. A shafa wa zoben roba na murfin baya man silikon, a duba ƙura karo na ƙarshe, a rufe.

Daidaita lokaci

Na'urar sauraron bugun agogo, ko manhajar waya mai yin wannan aiki, tana nuna daƙiƙu nawa agogo yake ƙarawa ko ragewa a rana. A gwada shi a kwance fuska sama, da fuska ƙasa, da a tsaye mamurɗi ƙasa. A kan gadar zoben lilo, wato zoben da ke kai da komo a bayan inji, akwai ɗan hannu mai alamar ƙari da ragi, ana tura shi da tsinken katako, turawar da ido ma da ƙyar yake gani, kuma a kiyaye siririn sifirin da ke ƙarƙashinsa wanda ya yi kama da gashi, domin taɓa shi ɗaya ya isa ya ɓata injin. Ma'aunin COSC, hukumar Siwizalan mai gwada daidaiton agoguna, shi ne ragin daƙiƙa 4 zuwa ƙarin 6 a rana, amma ga wannan aiki duk abin da bai wuce daƙiƙa 15 ba abin farin ciki ne. Idan agogo yana gudu da mintoci a rana, yawanci maganaɗisu ya kama, daga lasifika ko murfin waya, kuma 'yar na'urar cire maganaɗisu tana warware wannan nan take.

Maɗauri

A wannan ɓangare mu ne da gida. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majema suke jemewa da bagaruwa, ita ce fatake suka daɗe suna ƙetare hamada da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, kuma laushinta da ƙarfinta sun dace da siririn agogo. A nemi baƙa ko ruwan ƙasa mai duhu a wurin dukawa, wadda rininta ba ya zuba, a gwada ta da jiƙaƙƙen farin ƙyalle kafin a saya. A auna tazarar kunnuwan gidan, wadda a irin wannan girma takan zama milimita 20 ko 22. Dogon ɓangare kimanin milimita 115, gajere 75, kuma faɗin ya riƙa raguwa zuwa ƙarshe da milimita 2 zuwa 4, domin wannan raguwar ce take ba agogo kamala a hannu. A yanki fata biyu ga kowane ɓangare, ta sama da ta ciki, a fere bakin da za a naɗe a kan sandar sifirin da ke shiga tsakanin kunnuwan gida har ya yi siriri, a naɗe, a manne. A huda ramukan ɗinki da basilla, milimita 3 tsakani, a ɗinka da allura biyu da zaren da aka shafa wa kakin zuma, kowace allura tana ratsa rami ɗaya daga ɓangarenta. Gefuna a goge su da samfefa, a shafa ruwan ƙaro, a murza da katako mai santsi har su yi sheƙi. Wanda bai taɓa ɗinkin fata ba, zaman yini ɗaya kusa da baduku zai koya masa abin da rubutu ba zai iya ba.

Bayan an ɗaura, a sa agogon mako guda, ana yi masa wani kowace safiya a lokaci ɗaya, a daina murzawa da zarar an ji ya tsaya, ana kuma rubuta bambancinsa da agogon waya kowace rana. Kada a bari ruwa ya taɓa shi, a cire shi kafin alwala. A adana zanen fuskar da duk ma'aunan da aka rubuta, da fuskokin da suka lalace, saboda za a bukace su a agogo na biyu. Shi kuma a gina shi a kan injin Peseux 7001, mai faɗin milimita 23.3 da kaurin 2.5, wanda hannun daƙiƙarsa yake a ƙarfe shida, kuma yana shiga gidan da bai wuce milimita 36 ba.